Yadda ake hawa da sauka da ribas da mota fowil a tudu mai dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman waɗanda suka shigo Kanada ko arewacin Amurka kwanan nan suna jiran hunturunsu na farko. Abin da ake yawan gani shi ne mutum yana ɗan samun aiki sai ya je ya ɗauko RAV4 ko Highlander ko wata tsohuwar 4Runner, ya ce ai shi ya gama da maganar ƙanƙara tunda motarsa fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu. Toh malam tsaya ka ji. Fowil wajen tashi da wajen hawa take taimakonka, nan aikinta ya ƙare. In aka zo maganar tsayawa kowace mota birki huɗu gare ta, da Corolla da Land Cruiser duk ɗaya, sai ma dai ita babbar ta fi nauyi, in ta fara sulalewa a gangara ta fi wuyar tarewa. Shi ya sa in aka kwana ana zuba dusar ƙanƙara ka fita da safe, cikin motocin da zaka gani sun faɗa rami a gefen hanya ba a rasa manyan jif da fikof, masu su sun ji mota ta tashi lafiya lau ba wulwular taya sai suka ɗauka hanya na da kyau, suka ba ta wuta, sai a kwana ta farko suka gane abin da ke ƙarƙashinsu.

Taya tukuna, kafin komai

Duk dabarar da zan faɗa a ƙasa in tayarka ba ta hunturu ba ce rabin aiki kawai zata yi maka. Tayar da ake cewa ta kowane lokaci, wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani, robarta tana fara taurarewa ne da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius, ita kuwa ta hunturu an yi ta ne da roba mai laushi da ƴan tsage-tsage ƙanana da yawa a jikin zanen, su ne ke cizon ƙanƙarar. Ka duba gefen tayar zaka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a tsakiya, wannan ita ce shaidar. Wadda aka rubuta M+S kawai ba ta kai ta ba ko kusa, duk da wasu wuraren doka ta yarda da ita. Kuma guda huɗu zaka saka iri ɗaya, kar wani ya ce maka ka sa biyu a gaba ka rage kuɗi, gaban zai riƙe baya ya watsar da kai. Zanen ma kar ya gaza milimita 4.

Doka kuma ta danganta da inda kake. A Quebec dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A British Columbia yawancin manyan hanyoyin duwatsu irin su Coquihalla da hanyar zuwa Whistler ana buƙatar tayar hunturu daga 1 ga Oktoba, wasu har 30 ga Afrilu. A Colorado, kan babbar hanyar I-70 tsakanin Morrison da Dotsero, dokarsu tana aiki daga 1 ga Satumba har 31 ga Mayu. Alberta da Ontario ba su tilasta ba, amma a Ontario kamfanonin inshora na yin ragi ga wanda ya saka, ka tambaye su dan ba kowa ke faɗa maka ba.

Iskar taya ma tana raguwa da sanyi, kusan psi ɗaya a duk digiri 5 ko 6 da aka sauka, sai ka dinga aunawa da safe kafin ka fita, lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba.

Wace irin fowil ce taka

Nan mutane da yawa ke rikicewa. Akwai wadda kai ne zaka saka ta da hannunka, tana da ƙaramar giya ta biyu ko maɓalli mai 2H, 4H da 4L, irin su Hilux, Tacoma, Wrangler, F-150 da yawancin 4Runner. A 2H tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma fikof da ba kaya a bayanta tana 2H a kan ƙanƙara wallahi ta fi ƙaramar mota santsi, saboda bayan ba nauyi. 4H na ɗaure gaba da baya su juya tare, ita ce ta tafiya a hanyar da ƙanƙara ta rufe, yawanci ana iya saka ta mota na tafiya amma iyakar gudun yana cikin littafin motarka. 4L kuma tana rage gudu ta ninka ƙarfi wajen sau biyu da rabi, ita sai ka tsaya cak, ka sa giya a firi ko N, ƙafa kan birki, sannan ta shiga, kuma ka jira fitilarta ta daina ƙiftawa a dashbod kafin ka motsa.

Sai ɗaya nau'in, AWD, irin RAV4, CR-V, Forester, Highlander. Wannan kwamfutar motar ce ke raba ƙarfi da kanta, babu 4L, abin da kake da shi kawai maɓallin Snow in akwai, da damar riƙe giya ta ɗaya ko ta biyu da hannu. Wasu suna da maɓalli mai hoton mota tana gangarowa, Toyota na rubuta DAC, wasu HDC, shi ke taka birkin kowace taya daban-daban ya riƙe motar a gudun tafiyar ƙafa, kuma a motoci da dama yana aiki har a ribas. Ka nemo shi tun kana gida ka san inda yake, ba sai kana tsakiyar tudu kana laluben maɓalli da safar hannu ba.

In motarka na da makullin difaransha na baya, wanda ke ɗaure tayoyin baya biyu su juya tare, ka bar shi sai ka kafe a waje mai shimfiɗa. A kan tudu mai santsi in ka kulle shi tayoyin baya biyu suka zame tare, bayan motar gefe zai tafi kai tsaye.

Karanta tudun kafin ka taɓa shi

Ba duk fari ne iri ɗaya ba. Sabuwar dusa mai gari-gari da sanyi sosai, wadda ke ƙara ƙurus-ƙurus in ka taka, tana da riƙo. Wadda motoci suka daddanne ta koma sheƙi, ita ce mugu. Mafi muni shi ne lokacin da sanyi ke kusa da sifili, saman ƙanƙarar ya ɗan jiƙe, ko bayan ruwan sama ya sauka ya daskare irin na Montreal da Ottawa, ko a Calgary bayan iskar Chinook ta narkar da komai da rana dare ya yi ya sake daskarewa. Kwalta ta yi baƙi tana ƙyalli kamar jiƙaƙƙiya amma tayoyin motar gabanka ba sa feso ruwa, toh wannan ba ruwa ba ne. Gada da wurin da inuwar bishiyoyi ko gini ta rufe su ke fara daskarewa. Gishirin da suke watsawa ma in sanyi ya wuce wajen digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa raguwa yake, shi ya sa a garuruwan tsakiyar Kanada suke haɗawa da yashi.

Wanda bai taɓa ganin bidiyon gangaren Beaver Hall a Montreal na watan Disamban 2016 ba ya nema ya kalla. Ba gudu ake ba, a hankali komai ke faruwa, bas na birni ya sulalo ya haɗa motocin da ke ƙasa, wani bas ɗin ya biyo, motar ƴan sanda ta zo ita ma ta zame, sai ga motar share ƙanƙarar kanta ta gangaro ta daki ta ƴan sandan. Direbobin nan duk aikinsu kenan kullum. In tudu ya kai wannan matsayin babu dabara, sai dai a canja hanya ko a jira mai gishiri ya wuce.

Saboda haka in tudun baƙo ne gare ka kuma kana shakka, yi fakin a ƙasa ka sauka ka taka da ƙafa. In takalminka na zamewa motar ma zata zame. Ka duba abu uku: me ke saman tudun, akwai alamar tsayawa ko danja da zata tilasta maka cin birki a tsakiyar hawa, sannan me ke ƙasa in har ka dawo da baya, mahaɗar hanya ce ko rami ko motocin mutane. Ka share gilashin baya da madubai da kyamara tun a nan, dan ƙila da su zaka sauko.

Hawa

Zaɓi giyarka tun a ƙasa. A hanyar gari ko ta unguwa 4H ta isa, in manuwal ce giya ta biyu, in atomatik ce ka riƙe ta a 2 ko ka danna Snow. In tudun mai tsayi ne sosai kuma ƙaramar hanya ce ta daji sai 4L amma da giya ta biyu ko ta uku, ta ɗaya a 4L ƙarfi ya yi yawa, taɓa totur kaɗan tayoyin zasu fara wulwulawa.

Ka bar motar da ke gabanka ta gama hawa, ko aƙalla ka ba ta tazara mai yawa sosai, dan in ta tsaya a tsakiya kai ma ka tsaya kenan, kuma tashi daga tsaye a tsakiyar tudu shi ne abu mafi wuya. Ka ɗauko ɗan gudunka daga shimfiɗar ƙasa, ba mai yawa ba, wanda zai kai ka sama kawai, ka shiga tudun a miƙe, ƙafa ta zauna kan totur wuri ɗaya ba ƙari ba ragi. Kar ka canja giya a tsakiya. In akwai sawun da motoci suka goge ya yi sheƙi ka ɗan matsa tayarka gefe ta hau sabuwar dusa ko inda aka watsa yashi.

Yanzu ga inda sabon da muka taso da shi ke cutar da mu. Wanda ya saba tuƙi a hanyar ƙauye da damina ya san in taya ta fara juyawa cikin laka ƙara wuta ake ta watsar da taɓon ta samu ƙasa mai tauri ta kama. A nan in ka yi haka zafin tayar narkar da dusar yake ya goge ta ta koma ƙanƙara tsantsa a ƙarƙashinka, kana ƙara wuta kana ƙara wa kanka santsi. Da ka ji injin ya ɗaga murya gudu bai ƙaru ba, ko ka ga ƴar fitila mai hoton mota da layuka biyu tana ƙiftawa, sassauta ƙafa kaɗan har tayar ta sake kamawa. Kusa da ƙoli kuma ka rage, baka san me ke ɗaya gefen ba.

In ta ƙi hawa, ribas

Wannan shi ne gundarin maganar, a nan yawancin ɓarna ke faruwa. Mota ta kai rabi ta tsaya, tayoyi na juyawa a banza, ko ma ta fara komawa baya da kanta. Abin da zuciya zata fara raya maka biyu ne, ka danna totur ƙasa ko ka juya motar ka fuskanci gangara. Duka biyun kar ka yi. Juyawa a tsakiyar tudu na nufin akwai lokacin da motar zata tsaya a gicciye, a nan taya ba ta da wani riƙo, zata tafi a kaikaice, kuma jif doguwa ce, in tayoyin ƙasa suka ci karo da dakalin hanya ko tarin ƙanƙara mai tauri tana iya kifewa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, yadda ka hau a miƙe haka zaka sauko a miƙe.

Da farko ɗaga ƙafa daga totur ka taka birki a hankali amma da ƙarfi har ta tsaya. Kunna danja biyu. Duba sitiyari ka tabbatar tayoyin gaba a miƙe suke, dan mutum na kokawar hawa yakan karkata su bai sani ba, in ka fara baya a haka nan take zata karkace. In baka da tabbas sauke gilas ka leƙa tayar da idonka.

Sai ka sa R. Ba N ba, ba firi ba, kuma kar ka bar ta a D tana gangarawa baya, injin na iya mutuwa, in ya mutu birki da sitiyari duk su yi tauri. Dalilin sa ribas shi ne injin ya riƙe tayoyin huɗu su juya a hankali tare. In kana da 4L kuma motar ta tsaya daram har zaka iya wucewa ta N ba ta motsa ba, saka ta, ribas a 4L tafiyar ƙafa kawai take. In ka ga tana son sulalewa bar ta a 4H kar ka tsaya wasa da giya. In akwai DAC ko HDC danna shi yanzu.

Mai manuwal: birki a take, kuloci a ƙasa, sa ribas, sannan ka saki kulocin gaba ɗaya daidai lokacin da kake sassauta birki, ka ɗauke ƙafar hagu ka ajiye ta a ƙasa nesa da shi. Duk sanda ka taka kuloci a gangara ka raba injin da taya, motar ta zama amalanke. In injin ya mutu wajen hawan, riƙe birki, tada shi tukuna, sannan ka bi wannan tsarin.

Ga abin da ya sa birki ke da haɗari a ribas, kuma wannan in ka gane shi ka gane komai. Mota na fuskantar sama, nauyinta ya koma kan tayoyin baya, na gaba sun yi sakayau. Su kuwa kamfanoni sun ba birkin gaba ƙarfi fiye da na baya, saboda da gaba ake tafiya kullum. Toh in ka taka da ƙarfi tayoyin gaba ne zasu fara kullewa, kuma tayar da ta kulle ba ta san gaba da gefe ba, duk inda santsi ya ja ta nan take bi, sai ka ga hancin motar ya fara lilo yana son zagayowa ya riga bayan sauka. ABS ɗin da kake taƙama da shi kuma, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, a motoci da yawa baya shiga in gudun ya yi ƙasa sosai, wanda shi ne daidai gudun da kake yi a ribas. Shi ya sa birki a nan shafa shi ake, ƙafa na kai amma tayoyi na juyawa.

In ka ji hancin ya fara zamewa, maganin ya saɓa wa hankali amma shi ne: sassauta birki. Tayoyin su sake juyawa, sannan ka karya sitiyari kaɗan zuwa ɓangaren da hancin ya tafi, ya zame hagu ka karya hagu, da ta miƙe ka maido shi tsakiya nan da nan. Kaɗan nake nufi, kwatan juyi ko ƙasa da haka. A ribas sitiyari baya komawa tsakiya da kansa yadda yake yi a gaba, kuma ɗan karkatarwa kaɗan motar ke amsawa da yawa, wanda ya fara juya shi hagu da dama da sauri ya gama rasa inda tayoyinsa suke kallo.

Ina zaka kalla? Madubin gefe biyu su ne manya, ka bi sawun da tayarka ta bari wajen hawa, ka sa sawun ya zauna daidai a madubi. Hannu ɗaya a saman sitiyari dan ka san tsakiya. Kyamarar baya, wadda tun Mayun 2018 duk sabuwar mota a Amurka da Kanada ke zuwa da ita, tana da amfani wajen ganin mutum ko mota, amma a hunturu rabin lokaci gishiri da taɓo sun rufe ta, kuma komai fari ne a allon baka gane gefen hanya. In akwai mai nuna maka hanya ya tsaya can gefe inda kake ganinsa a madubi, ba bayan mota ba, ko da wasa. Mata da yara in zasu sauka su sauka tun motar na tsaye daram su hau can saman tarin ƙanƙarar gefe, in kuwa ta riga ta fara motsi kowa ya zauna da bel ɗinsa, kar wanda ya buɗe ƙofa.

In abin ya ƙwace gaba ɗaya, tana tafiya baya duk da komai, zaɓi inda zata tsaya da kanka. Tarin dusa mai laushi a gefen hanya ya fi mahaɗar da ke ƙasa, ka karkata bayan motar a hankali ya shiga ciki. Bamba ce kawai zata ji jiki. Ka danna oda dan na ƙasa su ankara.

Ka sauko har shimfiɗa, ba rabi ba. Daga can ne zaka yanke shawara ko ka sake gwadawa da wani layi da giya ta sama, ko ka sa sarƙa, ko ka haƙura. Ni a ganina in ta ƙi sau biyu an gama magana, duk gwaji ƙara goge tudun yake.

Sauka da gaba

Gudun da zaka sauka da shi a sama ake yanke shi, kafin hancin motar ya leƙa gangara. Rage sosai, sa giya ta ƙasa, atomatik ka riƙe ta a 1 ko 2, mai 4L a ƙaramar hanya mai tsayi ya sa ta ɗaya. Injin ya yi riƙon, birki ya zama ƙari. Kar ka sauke giya da ƙarfi kana tsakiyar gangara, fizgar da zata yi daidai take da taka birki kwatsam. Wani lokacin a ƙanƙara tsantsa 4L da giya ta ɗaya ma riƙon ya yi yawa, tayoyin na juyawa a hankali motar ta fi su sauri, zaka ji tana shawagi, a nan ɗan taɓa totur kaɗan ake tayoyin su kamo gudun motar.

In dole ta kama ka tsaya da gaggawa, taka birki ka riƙe, zaka ji feda na karkarwa tana gurnani a ƙarƙashin ƙafarka, ABS ne ke aiki, kar ka ɗaga, ka ci gaba da sarrafa sitiyari. Amma ka sani nisan tsayawa a ƙanƙara na iya ninka na busasshiyar kwalta har sau 10, littafin dokar hanya na Birtaniya ma haka ya rubuta. Birki kafin kwana, a cikin kwanar ƙafa ta huta. In ka karya motar ta ƙi bi ta tafi miƙe, rage karyawar ka ɗaga ƙafa, ƙara juya sitiyari baya ƙara komai. In baya ne ya watsa, kalli inda kake son zuwa ka juya can a hankali. Kurus kwantrol kuwa, wato abin da ke riƙe wa mota gudu ɗaya ba tare da ka taka totur ba, kashe shi duk hunturun in hanya ba bushe take ba.

Ƙofar gida da fakin

Yawancin ribas ɗin da zaka yi a gangara ba a duwatsun Banff ba ne, a ƙofar gidanka ne da asuba kana sauri zuwa aiki. In hanyar garejinka ta gangaro zuwa titi, dabara ita ce da yamma ka shiga da baya, da safe ka fito da gaba kana ganin titi sosai. Hawa da ribas ma yakan fi sauƙi ga motocin AWD da asalinsu gaba ke ja, dan nauyi na komawa kan tayoyin gaba. Ka share dusar kafin ka taka ta da mota, sawu biyu da ka danne yau su ne layukan ƙanƙarar gobe. Shi kuma tudun da motar shara ke bari a bakin ƙofa, wanda ke daskarewa ya yi tauri, shebur zaka sa masa, kar ka ce zaka fasa shi da gudu da baya, cikin motar zai hau kai tayoyin su rataye. Kuma tarin ƙanƙarar gefe na ɓoye yara masu tafiya makaranta, sauke gilas ka saurara.

Fakin a titi mai gangara: in hancin na kallon ƙasa karya tayoyi zuwa dakali, in yana kallon sama kuma akwai dakali karya su zuwa ɓangaren titi nesa da shi, ta ɗan jingina. Atomatik a P, manuwal a giya. Hanbirkin tsofaffin motoci mai waya yakan daskare in ya jiƙe dare ya yi sanyi, da safe ka ga ya ƙi saki, shi ya sa ya fi kyau ka nemi shimfiɗa ko da zaka ɗan taka. Kuma mota na iya sulalewa tana a fake da birki da komai in ƙarƙashinta ƙanƙara ce, tayar da ta yi zafi na narkar da wurin da ta zauna, ka ɗan tsaya ka ga ta zauna kafin ka juya mata baya.

In ta kafe

Kar ka haƙa wa kanka rami da totur. Sauka ka share gaban tayoyi da bayansu da ƙarƙashin motar, miƙe sitiyari, zuba yashi ko ƙasar kashin kyanwa da ake sayarwa a shaguna, ko ka shimfiɗa tabarmar ƙafa ta motar. Nan ne kaɗai ake kashe tirakshan kwantrol, wato na'urar da ke hana tayoyi wulwulawa, na ɗan lokaci, ka yi gaba kaɗan baya kaɗan, kana tsayawa cak kafin kowane canjin giya dan kar ka kashe giyabos, har ta yi wa kanta hanya, tana fita ka maida shi. Sarƙa in zaka sa littafin motar ya faɗi tayoyin da ake sa wa, wasu motocin ma babu fili a gaba, ka koyi ɗaurawa a gida da rana, kuma da ita ba a wuce kilomita 50 a awa.

In zaka zauna a ciki kana jiran janwe da injin a kunne, ka fara share bakin salansa, kuma ka dinga fita kana dubawa in ana ci gaba da zubawa. In ya toshe hayaƙin cikin mota yake komawa, gubar da ke cikinsa ba wari ba launi, barci kawai mutum zai ji. A but ɗinka kar a rasa shebur, bargo, tocila, abin kankare gilas, wayar tada batir da ruwan wanke gilas mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, tanki kuma kar ya gaza rabi. Kafin doguwar tafiya duba 511, shafin bayanin yanayin hanyoyi na lardinka, ko DriveBC in British Columbia ka nufa, akwai kyamarori kana ganin hanyar da idonka.

Duk wannan ka fara gwada shi a babban filin fakin da ba kowa bayan an yi sabuwar zuba, nesa da turakun fitila, ka ji karkarwar ABS da ƙafarka, ka yi ribas a miƙe da madubi kawai, sannan ka nemi ƙaramin gangare mara motoci ka maimaita.

Da ka dawo busasshiyar kwalta, mai 4H da 4L ya maida ta 2H, in ka bar ta a ɗaure zaka ji tana tirjewa tana tsalle a kwana, ƙarfen cikin ne ke murɗewa. In ta ƙi fita yi baya ƴan mitoci a miƙe zata saki. In kuma ka hau babbar hanya ka ji sitiyari na rawa bayan ka fito daga dusa mai zurfi, kafin ka tafi wajen bakanike leƙa cikin rim, yawanci ƙanƙara ce ta daskare a gefe ɗaya, ka ƙwaƙule ta da sandar burushinka.